Ƙofa-Biyu a Ramin Masu Duba Mota

A layin bakanikai, tsakanin shagon mai cajin batir da rumfar mai walda, akwai wani ɗan shago da warin gam da sabuwar leda kan tari mutum tun daga bakin titi. A nan wata mata take ɗinkin kujerun mota. Sana'ar mahaifinta ce. Allah bai ba shi ɗa namiji ba, don haka tun tana 'yar shekara goma ya ɗora ta a kan keke, ya koya mata yankan soso da yadda ake jan fata ta kwanta a kafaɗar kujera ba tare da ta tattare ba. Da ya rasu, kowa ya ɗauka shagon ya mutu tare da shi. Kwana bakwai aka yi sai ga ta ta buɗe ƙofa, ta share ƙasa, ta zauna a kujerarsa. Ba ta nemi shawarar kowa ba.

Yau in ka shiga layin ka tambayi inda ake ɗinkin kujera, cewa za a yi ka je wurin Ƙofa-Biyu. Mota ce ta jawo mata sunan.

Tana da shekara talatin da takwas wani likitan haƙori ya kawo motar. Gajeriya ce, ruwan ɗorawa, mai dogon hanci, ta kwanta ƙasa kamar ƙadangare a kan dutse. Ƙofa biyu gare ta, kujera biyu, irin motocin nan da aka ƙera don gudu kawai. Shekarar motar takwas a lokacin. Likitan kuwa ya yi teɓa, ga ciwon gwiwa, sai da mai cajin batir ya kama hannunsa ya ja kafin ya iya fitowa. Ya ce a ƙara wa kujerar soso ta ɗan yi tudu.

Ta leƙa ciki, ta auna da hannu, ta ce, "Likita, in na ƙara soso kanka zai taɓa rufi. Kujerar ba ta yi laifi ba, kai ne ka yi mata yawa."

Mutumin ya yi dariya har da hawaye. Ya miƙa mata makulli ya ce ta zauna ta ji da kanta, in ta iya tuƙi. Ta iya, don a motocin da ake bar mata a shago ta koya. Ta fita da ita babban titin bayan gari, ta taka totur, ta ji kamar wani ya sa tafin hannu a gadon bayanta ya tura. Duk rayuwarta ɗinka wa mutane wurin zama take yi, su su tafi, ita ta zauna. Da ta dawo ta miƙa masa makullin. Bayan wata uku ta saye ta, motar ta zama tata.

Maigidanta direban bas ne na dogon zango, mutum mai sanyin hali. Ya fito ƙofar gida, ya zagaya motar sau biyu, ya riƙe haɓa.

"Mu shida ne a gidan nan," in ji shi. "Kujera biyu. Sauran huɗun a bonet za a ɗaure su?"

"Kai kujera goma sha takwas gare ka," ta ce. "Yaushe ka taɓa ɗaukata ka kai ni shan iska?"

Bai sake tayar da maganar ba.

Doka ce kowace mota a kai ta tashar gwaji sau ɗaya a shekara, a duba ko ta cancanci hawa titi. Tashar wata doguwar rumfar kwano ce a gefen gari. A tsakiyarta akwai rami mai tsawo da matakala, mota ta hau kansa, mai dubawa ya sauka ya ga cikinta. Gaba kaɗan akwai roloji biyu da ake ɗora tayu a gwada birki, da wani akwati mai gilashi da ake haska wa fitila. In mota ta ci, a manna mata koriyar takarda a gilashi. In ta faɗi, a ba mai ita jar takarda da jerin laifuffuka, ya je ya gyara ya dawo.

Mai duba motoci a ramin wani siririn mutum ne da ba a cika ganin haƙorinsa ba. Kullum yana riƙe da 'yar guduma mai doguwar ƙota, da ita yake ƙwanƙwasa ƙarƙashin mota yana saurare, shi ya sa direbobi suke ce masa Guduma. An san shi da abu guda, ba ya karɓar na goro. Direbobi sun tsane shi saboda haka, kuma in za su sayi tsohuwar mota shi suke roƙo ya duba musu.

Ranar da ta fara kai motar, ma'aikata suka bar aikinsu suka zagaye ta. Guduma ya sauka rami, ya yi 'yan ƙwanƙwashe-ƙwanƙwashensa, ya fito yana goge hannu da tsumma.

"Ba ta da laifi, Malama," ya ce. "Irin waɗannan ba sa ba mu wahala da ƙuruciya. Masu su kan lallaɓa su kamar ƙwai, kuma ba a yi musu lodi. Sai sun fara tsufa muke sanin juna."

"Tawa ba za ta tsufa a hannunka ba, Yallaɓai."

"Duk haka suke cewa."

Shekara shida a jere tana fita da koriyar takarda a shiga ɗaya. Ba sa'a ba ce. Ita ba ta fafe gora ranar tafiya, mako biyu kafin ranar gwaji take fara zagaye motar da tocila, ta sa a canza baƙin mai, ta gwada kowane ƙwan fitila, ta wanke ƙarƙashin tas. Bakanikan layin kan tsokane ta, su ce ko za a kai amarya ne. Ta ce gara su ji da motocin mutane da suka kwance suka rasa inda noti ya shiga.

A shekarar da motar ta cika goma sha biyar ta karɓi jar takardarta ta farko. Tayu huɗu, in ji takardar, sai fitilar hagu da ke kallon sama.

"Tayu?" Ta ɗaga murya har na bayan layi suka leƙo. "Dubi zanensu! Ko rabi ban ci ba!"

Guduma bai yi musu ba. Ya tsuguna, ya ce ta kawo yatsanta, ya bi da shi gefen tayar. Ta ji ƙananan tsagu birjik, kamar faso a dunduniya.

"Ba tafiya ce ta cinye su ba, zama ne," ya ce. "Roba tana bushewa ko ba a taka ta ba. Wata rana kina tsakiyar gudu za ta yi bindiga, kuma na san ba a hankali kike tafiya ba."

Ta fizge takardar ta tafi ko sallama babu. A hanya ta zage shi, ta zagi gudumarsa, ta zagi wanda ya haƙa ramin. Washegari da safe, kafin a buɗe ƙofar tashar, motarta ce ta farko a layi da sababbin tayu.

Daga nan abin ya zama kamar kokawar shekara-shekara. Wata shekara ta ci a shiga ɗaya, ta fito tana danna hon har bakin titi. Wata shekara ya kama ta. Bututun birki ya fara tsatsa. Robobin ƙafar gaba sun saki. Baƙin mai yana ɗiga daga bayan inji, ɗigo ɗaya a minti, amma ya gani. Kayan gyara kuma suka fara wuya, don an daina ƙera irinta, kuma dama ba su da yawa a gari. Wata shekara robar da ke rufe gaɓar sitiyari ta yage, ta nema har ta gaji ba ta samu ba. Sai ta zauna a kan keke ta ɗinka wata da fata mai laushi, ta shafe ta da mai, ta ɗaura. Guduma ya daɗe yana haska ta da tocila.

"Wa ya yi wannan ɗinkin?"

"Ni."

"Wallahi ya yi kyau. Ban taɓa ganin irinsa ba." Ya ciro jar takarda. "Amma ba takalmi muke dubawa ba."

Sai da ta yi wata guda tana aike kafin wani direban babbar mota ya samo mata ta gaske daga wani gari mai nisa.

A ƙofar tashar akwai wasu mutane da ke zama a ƙarƙashin bishiya, ba ma'aikata ba ne, amma sun san kowace taga. Ɗaya daga cikinsu, mai hular sanyi ko ana zafi, ya ga tana fita da jar takarda karo na biyu a shekara ɗaya, ya biyo ta.

"Uwar ɗakina, me ya yi zafi? Wannan wahalar ba taki ba ce. Ki ba ni takardunki ki je gida ki huta. Gobe zan kawo miki koriya har shago, motar ma ba sai ta zo ba."

Ta dube shi daga hula har takalmi.

"In na sayi takarda, takardar ce za ta taka mini birki a gangaren gada?"

"Ai kowa haka yake yi."

"To ka je wurin kowa. Ni a gaban Guduma zan ci, da gudumarsa a hannu, yana ji yana gani."

Motar na da shekara ashirin da uku aka kawo wa tashar na'urar auna hayaƙi, wani bututu da ake zura wa a salansa. Tsofaffin motoci suka riƙa zubewa kamar ganye. Tata ta faɗi sau uku a wata ɗaya. A karo na uku wasu samari masu sababbin motoci suka riƙa toshe hanci suna tari na ƙarya, ɗaya ya ce, "Mama, a kai ta gidan tarihi mana!" Ta sauke gilashi ta ce masa ya bari tasa ta kai rabin shekarun wannan tukuna, in ta kai. Ta koma layin bakanikai, ta tsaya a kan bakanike kwana huɗu yana kwance kafireto yana wankewa yana saitawa, aka canza fulogogi, aka toshe wata 'yar huda a salansa. Ranar komawa ta fara bi ta babban titi ta ba ta wuta har injin ya gasu sosai, sannan ta shigo tashar da zafinta. Allurar na'urar ta tsaya ƙasa da jan layi da ƙyar. Guduma ya dubi allurar, ya dube ta, ya manna koriya.

A shekarun nan maigidanta ya ajiye tuƙi, idonsa ya yi rauni. Shi da ya yi wa motar dariya, shi ya zama mai kujera ta biyu. Duk yammacin da ta tashi aiki da wuri sai ta ɗauke shi su fita bayan gari, yana riƙe da hannun ƙofa gam yana salati, yana ce mata ta rage, in ta rage kuma ya ce ai hanya a buɗe take. Ya yi shekara uku yana wannan kafin ciwon zuciya ya ɗauke shi. Ta daɗe ba ta bari kowa ya zauna a kujerar ba.

Bayan rasuwarsa 'ya'yan suka taso ta a gaba. Babban ɗanta, wanda ke aikin ofis kuma yake ganin yanzu shi ne uba a gidan, ya zo wata rana da sabuwar ƙaramar mota fara, ƙofa huɗu, mai canza giya da kanta. Ya ajiye ta a ƙofar gida ya kawo makulli da hannu biyu.

"Umma, ga wannan. Ba kuloci, ba wahala, ga sanyi a ciki. Waccan ta yi miki hidima, a bar ta ta huta."

"Allah ya yi maka albarka," ta ce, ta karɓa ta rataye makullin a ƙusa.

Wata biyu farar motar tana nan kaji na kwana a ƙarƙashinta. Daga baya ta kira autarta, wadda ke aikin jinya tana fama da motocin haya, ta ce ta zo ta ɗauka. Babban ɗan ya yi fushi na mako uku.

Abin da ya girgiza ta ya zo ne a shekarar motar ta ashirin da tara, ita kuma tana gab da sittin. Ta kai ta gwaji da safe kamar kullum, ta tsaya a bakin rami ta harɗe hannu. Guduma ma ya yi furfura, yana sauka matakala a hankali. Tana jin gudumar tana tafiya daga gaba zuwa baya, ƙwal, ƙwal, ƙwal, ƙarar lafiyayyen ƙarfe. Da ya isa wajen tayar baya ta dama sai ƙarar ta canza, ta zama ɓus, kamar an doki busasshen biredi. Ta ji wani abu yana zuba a ƙasan ramin. Sai shiru.

Ya fito da jan gari a kafaɗarsa da gashin kansa. Bai ciro takarda ba.

"Malama, ƙashinta ya ruɓe. Daidai inda ƙafar baya take riƙe da gangar jiki. Gudumar ta shige ciki."

"Kai ka huda ta," ta ce. "Shekara ashirin kana dukanta, yau ka samu abin da kake so."

"Ban doke ta da ƙarfin da ya wuce na bara ba."

"Matsa in gani."

"Ba a yarda mai mota ya shiga rami ba."

"To kira wanda zai hana ni."

Ta tattare zaninta, ta ƙwace tocilar daga hannunsa, ta sauka. Ma'aikata suka tsaya suna kallo, ba wanda ya motsa. Ramin na warin tsohon mai, ƙasansa da santsi. Shekara ashirin da ɗaya tana tuƙa motar, ba ta taɓa tsayawa a ƙarƙashinta a miƙe ta ɗaga kai ba. Ta haska. Ga hudar nan, hannu zai shiga. Ta sa yatsa a gefenta, ƙarfen ya ɓare ya zubo mata a fuska. Ta ƙara dannawa gaba, nan ma ya lotsa. Daga waje baƙi ne sumul, tsatsar ta ciki ta ci, inda ruwa ke kwanciya ba a gani. Ta tuna ko makon jiya ta yi gudu a kan wannan ƙafar, da jikarta a gefe.

Ta daɗe a ramin. Da ta fito ta miƙa masa tocilar, ta ce, "Ka yi gaskiya. Na janye maganata."

"Ba zan bari ki tuƙa ta zuwa gida ba," ya ce a hankali. "Sai dai a ɗauke ta."

A bayan babbar mota aka shigo da ita layin bakanikai, a ɗaure da sarƙa, rana tsaka, kowa na gani. Wasu suka yi mata jaje kamar an yi rasuwa. Kafin la'asar mai sayen tsofaffin ƙarafa ya iso da murmushinsa, yana shafa bonet yana cewa injin kaɗai zai yi amfani. Ta fito da almakashin yankan fata a hannu, ba ta ɗaga shi ba, ta dai tambaye shi ko hannun nasa ya gaji da zama a jikinsa. Ya tafi.

Da yamma babban ɗan ya zo shagon. Wannan karon bai yi fushi ba, ya zauna a kan tulin soso ya yi magana a tausashe.

"Umma, don Allah. Da ƙafar nan ta cire kina gudu fa? Mun rasa Baba. Me kike nema a jikin motar nan?"

Ta ajiye ɗinkin da ke hannunta. "Tsoronka gaskiya ne, ni ma na ji shi yau. Shi ya sa ba zan hau ta ba sai mutumin can ya ce ta yi. Amma ka ji ni da kyau. Tun ina yarinya ake faɗa mini abin da ya ƙare. An ce shagon nan ya ƙare. In motar ta ƙare, ni zan faɗa, kuma ban faɗa ba tukuna."

Mai waldan da ke maƙwabtaka da ita, wanda ake kira Tartsatsi, ƙanen bayanta ne a shekaru, Yaya yake ce mata. Ya shiga ƙarƙashin motar ya fito yana girgiza kai.

"Yaya, aikin nan babba ne. Amma akwai dabara. In liƙa faranti a kan hudar, in shafe da kwalta, ko aljani ba zai gane ba."

"Ni zan gane. Yanke za ka yi, har sai ka iske ƙarfe mai rai."

"Wurin ba a miƙe yake ba. Lanƙwasa ce a kan lanƙwasa, kuma ba a sayar da irinsa. Ta ina zan san yadda zan yanka sabo?"

Ta ƙare wa wurin kallo. Sai ta shiga shago ta fito da kwali da alli da almakashi. Abin da take yi ke nan kullum in an kawo mata kujerar da ba ta taɓa gani ba: ta manna kwali a jiki, ta bi kowane lungu, ta yanka, ta gwada, ta rage, har ya zauna daidai, sannan ta ɗora shi a kan fata ta zana. Aka ɗaga motar a kan tubala. Ta shimfiɗa tabarma ta kwanta a ƙarƙashi, tana fitar da zubin kowane yanki da kwali, tana sa masa lamba. Tartsatsi ya ɗora a kan farantin ƙarfe ya zana, ya yanka, ya buga ya lanƙwasa. In bai zauna ba ta mayar masa, ko sau nawa ne. Yanki goma sha ɗaya suka fitar, domin da aka buɗe sai aka tarar ɓangaren hagu ma ya fara. Ita da kanta ta kwance kujeru da shimfiɗar ciki kada wuta ta kama su.

Wata biyar aka yi. Sun yi faɗa ya fi a ƙirga, sau biyu yana jefar da abin walda ya ce ta nemi wani, sau biyu yana dawowa da kansa. Bayanta ya riƙe, sai da autarta ta riƙa zuwa tana shafa mata magani tana mita. Da aka gama, Tartsatsi ya ɗauko kwalta zai shafe, ta hana shi. Ta ce a bar ɗinkin waldar a fili, a shafa jan fenti mai hana tsatsa kawai, Guduma ya ga kowane layi da idonsa.

A bayan babbar mota ta mayar da ita tashar, tunda ba ta da izinin hawa titi. Guduma ya ga an sauke ta, ya ɗauki gudumarsa. Motar da ake dubawa a minti goma, sai da ya yi kusan minti arba'in a ƙarƙashinta. Ta tsaya tana jin ƙwal, ƙwal, ƙwal, yana komawa wuri ɗaya sau uku, sau huɗu, yana ƙara ƙarfi. Ba ta ce ya sassauta ba. Ya fito, ya gwada birki, ya auna hayaƙi, ya duba fitilu.

"Wa ya fitar da zubin ƙarfen nan?"

"Ni. Tartsatsi ya ɗinka."

Ya gyaɗa kai. "Ya fi na kamfani kauri. Ƙashi ya yi." Sai ya ciro jar takarda.

Ta ce, "Me kuma?"

"Ƙwan fitilar lamba ta baya. Ba ya kamawa."

Wani direban tasi da ke bayanta ya ce, "Haba Yallaɓai, ka ji tsoron Allah! Wata biyar fa!"

"Ƙyale shi," ta ce. "Aikinsa yake yi."

Ta buɗe jakarta, ta ciro ƙwan fitila a naɗe cikin ƙyalle da ɗan sukudireba, ta tsuguna a bayan motar ta canza shi nan take. Ya kama.

"Ga shi. Duba."

"Doka ta ce wanda ya faɗi ya sake bin layi."

Layin ya kai bakin titi, mota ta fi ashirin, rana ta take. Direbobi suka fara cewa ta shiga gabansu, kowa ya yarda. Ta gode musu ta ƙi. Ta ja motar ta zagaya ta koma can ƙarshe, ta kashe inji, ta buɗe ƙofa ta zauna tana fifita da jar takardar. Sai bayan azahar layi ya zo kanta. Guduma ya zagaya baya, ya dubi ƙwan, ya dawo ya manna koriyar takarda da hannunsa, ya bi ta da babban yatsa har ta kwanta.

"Sai baɗi, Malama."

"Ka ci abinci da kyau kafin nan," ta ce. "Ka rame."

Ba su haɗu baɗin ba, don ya yi ritaya kafin shekara ta zagayo. Wadda ta gaje shi a ramin wata matashiya ce mai gilashin ido, da motar ta girme ta da shekara biyu. Ba ta da guduma, da wani ƙarfe mai tsini take aiki, kuma ba ta fi shi sauƙi ba. Shekara biyu motar ta ci a hannunta. Bana, tana da shekara talatin da biyu, ta faɗi: sitiyari ya yi wasa fiye da ƙima, wani ɗan ƙarfe mai haƙora a cikinsa ya cinye. An tambaya ko'ina babu, har waɗanda ke kawo kaya daga waje sun ce a manta.

Sai wani ya ba ta labarin wani tsoho a wani gari, tafiyar yini guda, mai injin sassaƙa ƙarfe, wanda in ka kai masa tsohon abu zai fitar maka da sabo irinsa. Babban ɗan ya ce ta ba shi ya aika. Ta ce ba a aika yaro wurin tela da awon wani, ita za ta tsaya a kansa ta ga yadda zai yanka haƙoran.

Ranar Talata da safe mai cajin batir ya gan ta tana rufe shago, da jakarta a kafaɗa, ƙarfen a ciki a naɗe da tsumma.

"Ina zuwa haka, Ƙofa-Biyu, a ƙasa?"

"Tashar mota. Ka ce wa mai kujerar bas ɗin nan ya dawo Asabar. Kuma ka sa mini ido a kan motar, kada in dawo in tarar wani ya jingina mata babur."